Koren Mayafi da Katin Sitarabad

Kafin in ɗora, bari in amsa wa baiwar Allahn nan da ta rubuto a ƙasan rubutuna na baya cewa wai tsirfa ce ta hana ni aure. Na gani, na gode. Ki gyara zama ki karanta na yau, in kin gama sai ki faɗa mini wace ce mai tsirfar.

Ga waɗanda yau suka fara bina, sunana Nuzhat, shekarata ashirin da takwas, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a nan Hyderabad. Ni kaɗai iyayena suka haifa. Abbu ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, fanshonsa iyakarsa cikinmu. Ammi kuwa gwiwoyinta duka biyu sun cinye, likita ya ce in ba a yi aiki bana ba, baɗi sai dai a riƙa tura ta a keke. Abin da za a yi aikin da shi guda ne tak a gidanmu: awarwaron zinare huɗu da ke hannunta tun ranar aurenta. Tun ina ƙarama da ƙararsu nake sanin inda take a gida, ko tana murza gurasa ko tana shanya. Takan kaɗa su ta ce, "Ga gwiwoyina nan, a hannu nake yawo da su." An tsayar da magana bayan babbar Sallah za a sayar a yi aikin.

Sai ga Mudassir. Khala Shameem, ƙanwar Ammi, ita ta jajibo shi, wai manaja ne a Sitarabad, katafaren wurin wasan nan da ke bayan gari mai lilon sama da masauki. Ba zan yi muku ƙarya ba, ya shiga raina. Dogo ne, fes-fes, farar riga ba ko lanƙwasa, in ya yi magana kamar yana lallashin jariri. Kun san halin garinmu, kafin a ɗaura aure sai uwar ango ta faɗi abin da suke so: babur, firij, gado, wani har mota. Samari uku suka tsere daga gidanmu a kan wannan. Shi kuwa da Abbu ya tambaye shi, sai ya dafa ƙirji.

"Abbu, ko cokali ba na so. Nuzhat nake so, ba kaya ba."

Abbu ya cire tabarau ya share ido. A ranar ce uwarsa, Anti Tasneem, ta buɗe jakarta ta fito da wani koren mayafi mai bakin zare na zinare, an yi masa surfanin ɗawisu a kowane lungu, ta yafa mini a ka. Shi ke nan magana ta ƙullu, na zama tasu. Ta ce kakar kakarta ce ta yi surfanin da hannunta, babu irinsa a duk duniya, kuma kan surukarta kaɗai yake hawa. Na kwana uku ina buɗe akwati ina leƙa shi kamar sakarai.

Sati biyu da wannan ya zo cin abincin rana. Ammi ta tashi tun asuba a kan waɗannan gwiwoyin ta dafa masa shinkafar biryani da naman rago, har da kayan zaƙi. Yana gama wanke hannu ya zaro wata takarda mai sheƙi, hotunan yara suna ta washe baki a kan lilo.

"Abbu, akwai wani alheri da ba na son ya wuce ku. Katin iyali ne. Shekara ashirin da biyar, kowace shekara kwana bakwai a masaukinmu, shiga wurin wasa kyauta. Dubu ɗari shida ne, amma tunda kun zama nawa zan sa a bar muku a ɗari huɗu."

Khala Shameem ta dafe ƙirji. "Kai, wannan ai kyauta ce! Yaya, kin ji sa'ar suruki?"

Ni dai na ɗauki takardar na juya bayanta, inda ake yin rubutu ƙanana kamar ƙudan zuma sun yi fitsari. Na ce, "Wannan kuɗin gyara na kowace shekara fa?"

"Ɗan abu ne kaɗan."

"An ce yana ƙaruwa duk shekara. Kuma ko mun je ko ba mu je ba sai mun biya."

"Haka tsarin yake a ko'ina, Nuzhat."

"Ranakun Sallah da hutun makaranta ba a bayar da ɗaki. Abinci ba ya ciki. To yaushe ake zuwa, ranar Talata da damina?"

Ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ido ba. Khala kuwa ta harare ni kamar ta kama ni ina sata.

"Ke dai bakinki ne zai tsofar da ke a ɗakin uwarki. Yaro bai nemi ko tsinke ba, ya kawo muku arziki har gida, kin tsaya kina yi masa tambayar 'yan sanda."

Na ce, "Khala, mu uku ne a gidan nan. Abbu hawan jini gare shi, ko benen kasuwa ba ya hawa. Ammi daga nan zuwa ƙofa sai ta huta. Wa zai hau lilon? Ni kaɗai, shekara ashirin da biyar?"

"Jikoki fa?" in ji Mudassir a hankali, yana kallon Ammi. "Ammi, ba kya son ki ga jikokinki suna gudu a wurin nan?"

Wallahi na ga yadda fuskar Ammi ta narke. Ya san inda ya taɓa. Na ce to kuɗin daga ina, tunda kowa ya san abin da muke da shi. Sai na ga idon Khala ya sauka a hannun Ammi. Nan na miƙe na ce duk wanda ya taɓa awarwaron nan ni da shi ne, na shige ɗaki na bugo ƙofa.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Ranki ya daɗe, fushi ake da ni?"

Na rubuta, "Ba fushi ba ne. Ba mu da kuɗin wasa."

"Kin kunyata ni gaban iyayenki."

"Tambaya na yi."

"Ammina ta ji labari. Ta ce tana tsoron mace mai lissafi da yawa. Ni na ce mata Nuzhat ɗina ba haka take ba." Sai hoton zuciya guda uku.

Kun ga irin wannan? Mari da tsinka jaka a hannu ɗaya, shafa kai a ɗayan. Kuma ni, don rashin zuciya, sai da na mayar masa da zuciya guda. Ku zage ni, na cancanta.

Satin nan gidanmu ya zama kamar gidan makoki. Abbu ya daina kallon idona. Khala kullum tana gindin Ammi suna ƙus-ƙus, in na shigo su yi tsit. Ranar Juma'a na dawo daga aiki na tarar Abbu ya sa rigarsa ta zuwa banki, wai daga masallaci ya biya wurin wani aboki. Da dare ya ce mini, "Lahadi za mu je mu ga wurin kawai. Gani ai ba saye ba ne." Na ce to, in dai gani ne.

Ranar Lahadi da safe Anti Tasneem ta kira ni da kanta.

"'Yata, ki yafo koren nan, in gan shi a kanki a cikin mutane."

Na sa farin salwar, riga da wando irin namu, mai ɗan aiki a wuya, na yafa shi. Ammi ta fito cikin wata riga mai dogon hannu har ya rufe mata tafi, ga rana kamar za ta dafa ƙwai. Na ce, "Ammi, wannan rigar a zafin nan?" Ta ce sanyin na'ura take gudu. Gidan ya yi mini wani irin shiru a safiyar nan, amma ban tsaya na tambayi kaina dalili ba.

Sai da muka shafe awa biyu a hanya. Daga inda mota ke ajiye mutane zuwa ƙofar shiga tafiya ce mai kyau, babu inuwa, babu benci. Ammi ta rataya a kafaɗata tana cije leɓe. Na tambayi wani mai riga ja ko akwai keken tura marasa lafiya, ya ce akwai, na haya ne. Ruwan gora ɗaya kuɗin abincin ranarmu a gida. Can sama wani jirgin wasa yana juya mutane ƙafa a sama kai a ƙasa, suna ta kururuwa. Abbu ya ɗaga kai ya kalla, ya ce "Astagfirullah" a hankali, ya dafe hularsa.

Khala kuwa sai ɗaukar hoto take. "Kai, aljannar duniya! Nuzhat, saki fuskar nan mana, kamar wadda aka kawo gidan yari."

Mudassir ya tarbe mu da furanni a wuya, ya sa kwat mai ruwan toka, ga sunansa a maƙale a ƙirji. A ƙarƙashin sunan ba manaja aka rubuta ba, mai tallan kati aka rubuta, amma na haɗiye. Bai kai mu wurin lilon ba, bai kai mu masaukin ba. Kai tsaye ya wuce da mu wani zaure mai sanyi kamar ɗakin ajiye gawa, cike da ƙananan tebura, kowane tebur da iyali ɗaya da mai kwat ɗaya yana ta zuba. Kiɗa na tashi sama-sama yadda ba ka jin abin da ake faɗa a teburin kusa. Jim kaɗan sai ka ji an buga ƙararrawa, duk masu kwat su miƙe su yi tafi, a fasa balan-balan, a ja iyalin da suka saya a ɗauke su hoto.

Anti Tasneem tana can tana jiranmu, ta rungume ni, ta gyara mini mayafin. Mudassir ya jawo mini kujera da kansa, wadda ta ba bangon baya baya. Na ɗauka ladabi ne.

Gwiwar Ammi ta hagu ta riga ta kumbura kamar gwanda. Na ce bari in nemo abin da za ta ɗora ƙafa a kai.

"Zauna, zan aika a kawo," in ji shi da sauri.

"Ga wata can, ba nisa."

"Nuzhat, na ce ki zauna."

Ai ni in ka ce mini kar in je wuri, ka ba ni kuɗin mota ne. Na tashi na nufi bangon baya inda aka jingine wasu kujerun roba. Bangon cike yake da hotuna, an rubuta "Iyalanmu" a sama da manyan baƙaƙe. Kowane mai talla da layinsa, hotonsa a farko, sannan iyalan da ya sayar wa. Na nemi layin Mudassir don in ga ko da gaske ya iya aikin. Ya iya kam, layinsa ya fi na kowa tsawo.

Sai idona ya faɗa a kan kore.

Wata yarinya ce siririya a tsaye tsakanin tsofaffi biyu, Mudassir a gefe yana riƙe da kati, kanta da koren mayafi mai bakin zinare, ɗawisu a lungu. Na ce kai, kama ce. Na matsa gaba, ga wata kuma, mai kumatu, da shi a kanta. Na ƙara matsawa. Ta ukun ba sai na duba mayafin ba ma, fuskar na sani. Rukhsar ce, wadda muka yi makarantar koyon aikin gwaji tare. Bara aka fasa aurenta, aka ce uwar angon ta yi istihara ba ta ga alheri ba. Unguwa ta ɗauka cewa yarinyar ce ke da wani ciwo a ɓoye, har yau ba wanda ya sake taka ƙofarsu. Ni kaina, Allah ya yafe mini, na taɓa cewa ruwa ba ya tsami banza.

Na tsaya ina kallon Rukhsar tana murmushi a ƙarƙashin mayafin da ke kaina. Na ji ƙyamar abin kamar an yafa mini tsumman goge ƙasa. Na ɗaga waya na ɗauki hotunan ɗaya bayan ɗaya.

Da na dawo, an riga an ajiye kati mai ruwan zinare a gaban Abbu a kan ɗan faranti. Na ja kujera na zauna ina fuskantar Anti Tasneem.

"Anti, kakar kakarki mayafi nawa ta yi wa surfani?"

"Ɗaya mana, 'yata. Me ya faru?"

"To kai nawa ya hau?"

Na ajiye wayar a tsakiyar tebur. Khala ta leƙa, ta buɗe baki ta kasa rufewa. Abbu ya gyara tabarau ya ɗauka, ya daɗe yana kallo.

Mudassir ya sunkuyo, muryar nan tasa mai taushi ta ɓace. "Ki rage murya, wurin aikina ne."

"Na sani ai. Nan ne wurin aikin, gidanmu kuma gona. Ka ce ko cokali ba ka so, ashe tukunyar gaba ɗaya ka zo ɗauka. Yaushe ne istiharar tawa, Anti? Sati mai zuwa, ko sai kuɗi sun gama shiga?"

"Ke! Ni kike faɗa wa haka?" Anti Tasneem ta miƙe. "Waɗancan ba rabonsa ba ne, Allah bai nufa ba. Laifi ne mutum ya nemi zaɓin Allah?"

"Zaɓin Allah ba ya jiran a buga ƙararrawa."

Teburan kusa suka fara juyowa. Wani mai kwat ya ƙara ƙarar kiɗa. Khala ta damƙi hannuna tana raɗa, "Rufa mana asiri, Nuzhat, in wannan ma ya tafi wa zai ɗauke ki?" Na fizge. Na cire mayafin daga kaina a gaban kowa, na jawo farin gyalena daga jaka na rufe gashina. Na tura farantin katin gefe.

"Abbu, tashi mu tafi. Ba za mu saya ba, ba kuma za a yi auren ba. Alhamdulillahi da Allah ya nuna mana tun ba mu sa hannu ba."

Abbu bai motsa ba. Ya ajiye wayar a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

"Nuzhat," ya ce, "tun Juma'a na biya. Ya ce rangwamen ranar zai ƙare. Yau karɓar kati kawai muka zo yi, da hoto."

Na ce, "Da wane kuɗi?"

Abbu ya kalli Ammi. Sai a lokacin na gane shirun da gidanmu ya yi da safe. Na juya na kama hannun Ammi, ta so ta janye, na ture hannun rigar sama. Babu komai sai farin zane a fata inda suka zauna shekara talatin.

"Ammi!"

"Kar ki yi wa Abbunki faɗa, ni na cire na ba shi." Hawaye na zuba amma muryarta ba ta rawa. "Khalarki ta ce in ba mu saya ba za su fasa. Na gaji da ganin ana shigowa a kalle ki a sha shayi a tafi. Na ce ni ina zan je da gwiwa? Ke ce mai tafiya a gaba."

Jama'a, na sha jin baƙin ciki a rayuwata, amma ban taɓa jin wanda ya hana ni kuka ba sai ranar. Na juya ga Mudassir na ce ya dawo mana da kuɗinmu. Ya ɗaga kafaɗa, ya gyara kwat.

"Ba a mayarwa. Yana nan a rubuce a baya, ke da kika iya karanta ƙananan rubutu."

Wani yaro marar kan gado da bai san abin da ake ciki ba ya buga ƙararrawa. Duk zauren ya miƙe yana yi mana tafi, balan-balan ya fashe a kanmu, mai hoto ya matso yana cewa a yi murmushi. Abbu ya sunkuyar da kai cikin tafin nan kamar wanda ake jifa.

Anti Tasneem ta miƙo hannu. "Tunda kin cire, ba ni kayana. Dama ni tun farko hankalina bai kwanta da ke ba."

Na kalli hannun nata, na kalli mayafin. Wato har ta san kan da zai hau gaba. Na durƙusa gaban Ammi, na ninka shi uku a tsawo, na naɗe kumburarriyar gwiwar da shi tam, na ƙulle da lungun ɗawisun.

"Kin haukace? Kayan gado ne!"

"Namu ma na gado ne, Anti, guda huɗu. Ranar da suka dawo hannun uwata ki zo ki kwance abinki."

Mudassir ya yi taku ɗaya, Abbu ya miƙe ya tsaya tsakaninmu. Tsayawa kawai ya yi, amma mutumin ya ja da baya. Na ɗauki katin na jefa a jaka, tunda namu ne, shekara ashirin da biyar. Khala ta biyo mu a baya tana ta surutu ita kaɗai, wai ita da alheri ta nufa. Ko waiwaye ban yi ba.

Tafiyar nan zuwa bakin ƙofa ta fi ta shigowa tsawo. Ammi a tsakiya, ni a dama, Abbu a hagu, jirgin sama-da-ƙasa yana ta juya mutane a kanmu suna ihun daɗi. Muka sami wani dakali Ammi ta zauna ta huta. Nan na nemo lambar Rukhsar, wadda rabona da kiranta tun da aka fasa aurenta. Na tura mata hoton gwiwar Ammi da mayafin a ɗaure, na rubuta, "Ki yafe mini. Yau na gani."

Ban ko mayar da wayar jaka ba ta amsa.

"Kar ki ba su shi ko da wasa. Mu ukun da ya yaudara muna tare tun watan jiya, lauya ya ce mayafin nan ne shaidar da muka rasa. Kuna ina?"

Na nuna wa Abbu. Ya karanta sau biyu, leɓensa na motsi. Ammi kuwa ba ta tambayi abin da aka rubuta ba. Ta ɗaga hannu za ta share fuska, ta kaɗa shi yadda ta saba don ta mayar da awarwaro baya, babu abin da ya yi ƙara. Ta kalli hannun, ta sauke shi a kan gwiwarta.

"Ɗaga ni, Nuzhat," ta ce. "Tun ina iya takawa."